Taba Tushe Bakwai a Gefen Alkama

Malam, assalamu alaikum. Ka taimake ni da shawara, don ba ni da sauran wanda zan faɗa wa.

Shekaruna sittin da bakwai. Na yi karatun noma mai zurfi, na yi aikin malamin gona shekara talatin, aka sallame ni da takardar yabo da agogon bango. Yanzu alkama nake nomawa a fadama kusa da Lolo. Tun rasuwar maiɗakina Batulu, mutum ɗaya ya rage mai zama da ni bayan la'asar: Namadi, maƙwabcin gonata, ladanin masallacinmu.

Shekara uku ke nan ganyen alkamarmu yana ɗigo-ɗigo, ya bushe tun ƙwaya ba ta cika ba. Kowa ya ce cutar tsatsa ce, ana ta feshin magani. Ba tsatsa ba ce. Hayaƙin ƙona karan shinkafa, da na injinan ban ruwa, da na baburan da ke tsallaka iyakar Benin, in rana ta gasa su, sai su haifar da wata iska mai ƙona ganye, ana ce mata ozon. Na faɗa a majalisa, aka yi dariya, wai boko ya taɓa ni.

Don in nuna musu, na dasa taba tushe bakwai a gefen gona, domin ganyenta kan riga alkama nuna alama. Ta kuwa nuna, amma ba wanda ya dubi ganyen. Abin da gari ya gani shi ne tsoho da furfurarsa yana noman taba a zamanin shari'a. Namadi ya ɗauke ƙafa. Sati biyar ina haɗa shayi kofi biyu, ina zubar da ɗaya. In na tuge tabar, ai na yarda ni ne mahaukacin ke nan.

Tsohon Malamin Gona, Bagudo

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan Batulu.

Iliminka bai ɓata ba, shaidar da ka ɗauko ce ba ta karɓuwa a garinku. Namadi ladan ne. In an gan shi zaune gefen taba, me zai ce wa mutane? Ƙila shi ma kewarka yake yi.

Ka tuge tabar, ta gama aikinta. Ka sa kankana a gurbinta, ita ma takan nuna alamar, kuma ba mai zargin ta. Sannan ka tsinko ganyen alkama biyu, mai tsatsa da mai ɗigon nan, ka je gonar Namadi da ƙafarka. Kada ka yi masa lacca. Ka ce ya murza kowanne da yatsa: tsatsa za ta bar masa jan gari, ɗayan ba zai bar komai ba. In ya gani da idonsa, shi zai faɗa wa masu ƙona kara bayan sallar Juma'a, kuma shi za su saurara.

Ka tafi da butar shayin. Allah ya cika ƙwayar alkamarku, ya sa kofi na biyu ya daina zubewa ƙasa.