Sunan da Na Tsallake a Takardar Baba

Garki, Abuja
Ranar Laraba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da girmamawa, yadda ka koya mini in fara kowace wasiƙa. Ba zan rubuta cewa ina fata kana lafiya ba. Na san inda kake, na kuma san gidan waya ba ya kai saƙo can. Ba za ka karanta wannan ba. Watakila shi ya sa na samu bakin magana, ni da kake cewa sai an sa ƙugiya ake ciro kalma daga bakina.

Baba, na yi maka ƙarya. Ban faɗa wa kowa ba, ko Mama ba ta sani ba. Takardarka ta ƙarshe a kan ƙwannafi, wadda na buga maka a tafireta bayan hannunka na dama ya mutu, ba yadda ka ba ni na buga ta ba. A shafin ƙarshe, inda ake jera sunayen waɗanda aka dogara da aikinsu, na tsallake suna ɗaya. Sunan Dakta Sambo. Ba mantuwa ba ce. Sai da na sake buga shafi huɗu don in gyara ƙananan lambobin da ke cikin rubutun, kada a ga giɓi. Da ka ce in karanta maka jerin, tunda ido ya daina kama maka ƙananan haruffa, na karanta ɗaya bayan ɗaya, da na zo inda ya kamata ya kasance sai na faɗi sunansa da ka, ina kallon takardar da babu shi. Ka yi murmushi da rabin bakin da ya rage maka, ka ce Allah ya yi mini albarka. Bayan kwana goma sha ɗaya ka tafi.

Albarkar nan tana damuna. Na karɓe ta ne a kan ƙarya. Amma idan kana jiran in ce na yi nadamar cire sunan, Baba, ban yi ba tukuna. Bari in ba ka labarin gida, sannan in faɗa maka dalilina.

Mama tana takaba, tana lafiya, ta rame kaɗan. Ta hana a taɓa bulo biyun da ka sa a ƙarƙashin ƙafafun gadonku ta wajen kai, waɗanda kake nuna wa baƙi idan suka yi ƙorafin ƙwannafi. An yi addu'ar arba'in. Direbobin Zuba sun zo da lemo da ayaba har muka rasa inda za mu zuba, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a ƙofa yana rantsuwa cewa tun da ka hana shi kwanciya da ya gama cin tuwo bai sake karya dokarka ba, sauran suna yi masa dariya wai jiya ma sun gan shi shame-shame a ƙarƙashin tirela da kwano a gefensa. Garin kuma ba za ka gane shi ba. Gwamnati ta gama tarewa. Kullum manyan motoci na shigowa daga Legas da kabad-kabad na fayil da kujeru, gidajen layinmu da suka daɗe a kulle duk sun cika, maƙwabciyarmu sabuwa tana ce wa Mama “madam”. Kowa oga ne yanzu. Ka shekara nawa a nan kana duba mutane tun garin yana jar ƙasa da ƙarar katafila? Su sun zo sun tarar da kwalta.

A cikinsu Dakta Sambo ya zo, abokinka tun makarantar likitanci a Zariya, da sabuwar na'urarsa ta leƙa ciki da takalminsa mai ƙara. Ina jin ku daga ɗaki. Kai kana ce masa wanzami, tunda shi likitan tiyata ne, shi kuma yana ce maka mai tallan ƙwaya. Ya ce ku likitocin magani kuna lallaɓa ciwo kamar amarya, ka ce su kuma in suka ga ɗan Adam sai su fara neman inda za su zuge shi. Mama tana kawo shayi tana cewa ku ji tsoron Allah. Na ɗauka wasa ne kawai, irin na Katsinawa da Gobirawa.

Ka san yadda na gane ba wasa ba ne? Wannan ma wani laifin ne, amma ƙarami. Manyan mujallun likitancinka da kake ganin ina buɗewa a falo har kana gaya wa mutane ’yarka za ta gaje ka, littattafan soyayya nake ɓoyewa a tsakiyarsu. Ƙawata Asabe ke kawo mini su idan yayarta ta dawo daga Kano. Ni kuma ɗabi'ata, shafin ƙarshe nake fara dubawa, in ga wa ya auri wa kafin in ba wa labari zuciyata. Idan na ji tafiyarka sai in zame littafin in zuba wa mujallar ido, kuma hannuna da kansa yake kai ni ƙarshen rubutu. Haka na saba da jerin sunayen nan. Da ka fara ba ni bugun tafireta ka nuna mini yadda ake gane mujallar masu tiyata daga sunanta, sai na ga abin da ya ba ni mamaki. Ciwo ɗaya ne, ƙwannafi. Maƙogwaro ɗaya ne yake ƙuna. Amma idan mai tiyata ne ya yi rubutun, jerinsa kusan duk ’yan uwansa masu wuƙa ne. Idan likitan magani ne, sai ’yan uwansa masu ƙwaya. Kamar gidaje biyu a unguwa ɗaya da ba sa ba juna aure. A can ma shafin ƙarshe ne yake nuna wa ke son wa.

Na tambaye ka, ka ce mini ai kowa rijiyar gidansu ya sani. Ka kuma ce malaminka na allo yana cewa albarkar ilimi ita ce a jingina magana ga mai ita.

To ina albarkar ta tafi ranar da Dakta Sambo ya aiko maka da tasa takardar? Ni na karɓi ambulan ɗin. Na san ya ari rubutunka na farko, wanda aka buga tun kafin ya san hanyar Abuja, don ni na ɗauko masa shi daga kabad. Na san duk Asabar ɗin da ka ƙi hutawa kana zuwa Zuba da Masaka da Orozo kana tambayar mutane me suka ci, yaushe suka kwanta, ina yake yi musu zafi. Na san waɗanda ya yi wa aiki, kai ka tura masa su da wasiƙa. Ina tsaye a bayan labule ka buɗe shafin ƙarshe. Ashe kai ma can kake fara dubawa. Ka bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, ka sake komawa sama. Akwai Turawa, akwai wani na Ibadan, akwai shi kansa har sau biyu. Babu kai. Ka ninke takardar ka ce wa Mama shayin ya huce.

Da ya zo ranar Juma'a kuma kuka yi dariyarku kamar ba a yi komai ba. Har yana ƙorafi wai ku likitocin magani ba kwa ambaton aikinsu. Ka ce masa wanzami ba ya son jarfa, ya ƙyalƙyale da dariya. Bai gane ba, Baba. Ko ya gane ya basar. Me ya sa ba ka faɗa masa a fili ba? Wane irin haƙuri ne wannan da mutum zai taka ka kana tambayarsa ko ƙafarsa ta yi ciwo?

Shi ya sa da ka miƙo mini jerinka, na ga ka ƙara layi a ƙasa da hannun hagu, haruffan suna tangaɗi kamar na ɗan aji ɗaya, na karanta na ga sunansa ne, sai na ƙudurta ba zan buga shi ba. Mama ta ce ka yi kusan awa guda a kan layin nan kaɗai, biro yana suɓuce maka. Mutumin da hannayensa biyu lafiya lau, har yana ɗinke cikin mutane da su, bai iya rubuta sunanka ba. Kai da rabin jiki ka rubuta nasa. Ban ga adalci a nan ba, har yau ban gani ba.

Amma tunda gaskiya na zo faɗa, bari in ƙarasa ta. Bayan rasuwarka na zauna na duba tsofaffin rubuce-rubucenka guda uku da aka buga. Ina neman hujja ne a kansa. Baba, babu mai tiyata ko ɗaya a jerinka. Ko ɗaya. Kai ma ka yi abin da ya yi, shekara da shekaru, kana karanta mini maganar malaminka na allo. Na yi fushi da kai kwana biyu, in dai ana fushi da mamaci.

Ladi ce ta sa na fahimci layin nan na hannun hagu. Ka tuna ta, manomiyar nan ta Orozo da ta daɗe tana zuwa wurinka, wadda abinci ke dawo mata wuya har ta koma kamar kara. Ta zo gaisuwa da doya a kafaɗa. Da irin Hausarta take gaya wa matan da ke zaune cewa likita ta ba ta ƙwaya shekara uku, ƙwaya ta gaji, sai likita ta ce je ki wurin abokina mai wuƙa. Ta ce mai wuƙa ya ɗaure mata bakin ciki. Wata tsohuwa daga Katsina ta ɗauka baƙin ciki take nufi, ta ce in dai akwai likitan da ke ɗaure baƙin ciki a kira shi gidan nan yanzu. Mama ta yi dariya, karo na farko tun da ka tafi, tana yi tana share ido. Ladi ba ta gane abin dariyar ba. Ta nuna ƙasan ƙirjinta ta ce nan, inda abinci ke shiga, nan ne ya saki. Ta ce ita ba ta san wa ya fi wa ba, su biyu suka sa take cin tuwo.

Shekara uku, Baba. Ka riƙe ta shekara uku kafin ka tura ta. Da kana karanta abin da masu wuƙa ke rubutawa, da ka tura ta da wuri? Shi ne abin da ya tsaya maka a rai? Shi ya sa ka ƙi mutuwa sai ka rubuta layin? Ba don Dakta Sambo ka yi ba ke nan, don wanda zai karanta takardarka nan gaba ne, ya san akwai wata ƙofa idan ƙwaya ta gaza. Ni kuma na toshe ta don haushi.

Ka ga na gane. Ganewa daban, yafewa daban.

Jibi Juma'a zai zo karɓar takardar. Ya gaya wa Mama shi zai kai ta wurin masu mujallar da kansa, har zai rubuta ’yan layuka a kan rayuwarka a sa a gaba. Mama ta ce in gode masa da kyau, in daina sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata. Ba ta san ta faɗi daidai ba.

Na yi ta juya abin. Zan iya barin takardar yadda na buga ta, babu mai sani har abada. Amma sai ta fita da sunanka a kai alhali ba maganarka ba ce cikakkiya, na zama na sa ka yi rowar da ka riga ka tuba daga gare ta. Zan kuma iya zama gobe in sake buga shafukan nan biyar, in mayar da shi wurinsa shiru. To sai ya buɗe shafin ƙarshe, don na tabbata can zai fara dubawa, ya ga sunansa a miƙe tsaf da baƙin tafireta, ya gyaɗa kai kamar an ba shi haƙƙinsa. Ba zai taɓa sanin yadda aka rubuta shi ba. Ba zai san ka bi nasa jerin da yatsa sau biyu ba. Wannan kam ban yarda ba. Kai ka iya haɗiye magana, ni na gwada ta ƙona ni.

Abin dariya, ni da ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ko a fom ɗin makaranta sai na ji nauyi in na rubuta shi, ni ce yau nake rigima don ba a buga shi ba. Mama za ta ce ba ni da kunya. Kawu zai ce yarinya ba ta shiga tsakanin manya. Su faɗa. Ni na buga takardar, ni na yi ƙaryar, da ni a ciki ko an so ko ba a so.

Ga abin da zan yi. Zan sa takardar a ambulan yadda take, da giɓinta. Zan sa jerinka na asali, mai layin hannun hagu. Zan sa wannan wasiƙar a sama. Ba zan goge komai ba, har inda na ce ya basar. Idan ya zo ni zan kai masa ruwa, in durƙusa in gaishe shi yadda ka koya mini, in miƙa masa da hannu biyu, in ce ya karanta kafin ya tashi. Idan ya gama, tafireta tana nan a kan teburinka da sabon kirtanin tawada. Ya zauna a kujerarka ya mayar da sunansa da yatsunsa. Abin da zai yi da naka sunan a takardarsa ta gaba, wannan tsakaninsa ne da Allah.

Ka yafe mini ƙaryar, Baba. Sauran ban nemi yafiya ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya sada mu a inda ba a manta kowa.

’Yarka mai sunan mahaifiyarka,
Ummi