Baba da dattawan Assakio

Daren Laraba, a gidanmu na Azuba

Kaina kamar zai tsage. Yau dattawan Assakio suka zo wurin Baba kan rikicin iyakar gona tsakanin ƙabilun Alago da Tibi, kowa fuska a murtuke. Wai tunda ya yi jakada a ƙasashen waje, shi zai sasanta su. Na so in ce ba shi da lafiya, na kasa.

Wallahi da farko na ji daɗi. Ya hana kowa magana sai da suka ci sakwara a kwano ɗaya. Ya ce haka yake yi tun yana ofishin jakadanci, mai jin yunwa ba ya jin magana. Har dariya aka yi.

Sai kawai ya kama hannun wani manomi Batibi, ya ce, "Kofur, ashe ka haye kogin? Ni na ce kwalekwale ya tashi, harbi ya yi yawa." Mutumin nan ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin yaƙin basasa. Ya dube ni, sannan ya ce, "Na haye, Oga." Baba ya fashe da kuka.

Tun ina yarinya labarin liyafa da jiragen sama yake ba mu, bai taɓa ambaton kogi ba.

Jibi za su dawo a yanke magana. In gaya musu Baba ya fara rikicewa, su koma ga addunansu? Ga shi can yana goge takalmin da zai sa.