Ɗurar Inna ta kai 'yata asibiti

Hajiya, don Allah ki agaza mini, na rasa inda zan sa kaina. Ni manomi ne a Basirka, karatuna bai yi nisa ba.

'Yata Khuzaima watanta tara, ita ce ta fari. Da ta ƙi kunu sai Inna, mahaifiyata, ta fara yi mata ɗura. Takan kwantar da ita a cinya, ta toshe mata hanci, ta zuba da tafin hannu. Ni dai ina lura, kullum aka gama sai tari, ido ya yi ja, kunun ya biyo ta hanci. Kwatsam zazzaɓi ya rufe ta, numfashi sama-sama. Kwananmu biyar a asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce kunu ne ya bi hanyar iska ya sauka a huhu ya zama ciwo, kada a kuskura a sake.

Na gaya wa Inna, ta ce sanyi ne kawai, mu bakwai da ɗura ta rene mu. Matata Hapsatu kuwa ko sunan yarinyar ba ta kira a gaban Inna saboda kunyar 'yar fari, balle ta karɓe ta. Jiya na dawo na ga kunu ya bushe a wuyan rigar Khuzaima, alamar an sake yi mata ɗura. Ina gona, hankalina yana gida. Yaya zan yi ban saɓa wa uwata ba?

Mai damuwa, Basirka

Ɗana, idonka bai yi maka ƙarya ba. Inna ba mugunta take yi ba, yunwa take jiye wa jikarta, kuma abin da ta gada ke nan. Amma dole ɗurar nan ta tsaya yau.

Kada ka yi musu da ita. Ka samu dattijuwar da take jin maganarta ta zauna da ita a yau ɗin nan, ranar komawa asibiti kuma ka tafi da Inna ta ji da kunnenta. Kada ku ƙwace mata renon. Ita za ta riƙa ba da kunun, amma yarinya a zaune, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ta kau da kai a bar ta sai anjima. Nono ya ci gaba.

Ka gaya wa Hapsatu kunya abu ce mai kyau, amma uwa ba ta yin ta a kan numfashin 'yarta. Ku ƙarasa maganin, in zazzaɓi ko saurin numfashi ya dawo ku koma asibiti nan take.

Allah ya ba Khuzaima lafiya, ya raya muku ita.