Saiwar da Babayo Ya Ce Kada In Yanke

Gwallameji, Bauchi

Zuwa ga yayana Hamma Jalo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Damina biyar ke nan rabona da Gembu, amma kullum kuna cikin raina. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dabbobi. Allah ya ƙara wa mahaifiyarmu Dada sauƙin ƙafar nan, ya bar mana ita. Mu nan lafiya lau, matata Sa'adiyya ta warware daga zazzaɓin da ta yi, 'yarmu Amatullah kuma ta shiga aji uku. Na zaɓi in rubuto in ba direba maimakon in buga waya, domin na san wayarka a tsakar gida ake amsa ta, maganar kuwa ba ta kunnen Dada ba ce.

Ka san sana'ata, renon itatuwa a bakin rafin da ya ratsa bayan unguwarmu. Lokacin da na zo, rafin ya zama bola. Titi biyu sun haye shi, kowanne da ɗan kwalbatin da ko akuya sai ta sunkuya kafin ta wuce. Leda da yashi su toshe shi, ruwan sama ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane, da rani kuma ya kwanta baƙi ƙirin sai sauro. Ledojin fiya wata da nake tsamowa daga bakin kwalbatin nan su nake cikawa da ƙasa in shuka iri a ciki. Da aka ce za a fasa kwalbatocin a gina gadoji, a kwashe shara, a dasa itatuwa a gaɓa don ta daina zaizayewa, ban yi barci ba don murna. Kuma gaskiya ɗaya ce, aikin mai kyau ne. Gadar farko da aka gama bara, ruwa ya bi ƙarƙashinta salin-alin, babu gidan da ya shiga a layin, har na ga yara suna kama tarwaɗa a wurin da da ba ka iya tsayawa don wari.

Babayo ɗan Bappa Bashir shi mutanen unguwa suka naɗa ya riƙa shiga tsakaninsu da masu aikin. Ya zo har lambuna ya zauna a kan bokiti, ya ce Hamma Mansir, kakarka ta yanke saƙa, itatuwan gida ake so, kuma wa ke da su in ba kai ba. Shekara biyu na yi ina tara iri. Na je Zungur na roƙi 'ya'yan ɗorawa da kanya, na samo giyayya da ɓaure masu son bakin ruwa, na haɗa da maɗaci da tsamiya.

To ga inda abin yake, Hamma. Dashe idan ya daɗe a leda, saiwarsa takan huda ledar ta shiga ƙasa. In za ka ɗauke shi, sai ka ɗaga kowace leda ka yanke saiwar, ka yi ta ba shi ruwa kamar mako biyu har ya farfaɗo. In ka fizge shi rana ɗaya, ya mutu. Da na ji aikin gada ta biyu, wadda ke daf da lambuna, ya matso, na wasa wuƙa zan fara yanka. Babayo ya riƙe hannuna yana dariya, ya ce in bar wahalar da 'ya'yan mutane, katafila ba za ta zo ta gefena ba, shi ya ga zanen da idonsa, kuma in ma za ta zo ai shi zai fara sani. Har ya tsokane ni wai Bafulatani ko shanu babu sai ya sami abin da zai yi wa kiwo. Na mayar da wuƙa kube. Wa zai nemi shaida a kan maganar ɗan bappansa?

Ranar Juma'ar da ta wuce na sauko daga masallaci na tarar da katafila a tsakiyar lambun. Abin da ta ture ya ture, abin da muka fizga da hannu ni da Sa'adiyya da maƙwabta ya zo da saiwa a tsinke. Na nufi injiniyar da ke kula da aikin, wata mai suna Lilian, ina faɗa, ban ma san me nake cewa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tun wata guda ta ba Babayo saƙo a gaya mini in kwashe, shi kuma ya dawo ya ce mata na sayar da na kirkin na tashi, abin da ya rage ciyawa ce. Matar ta tsayar da aikin har la'asar, ta sa lebura suka taya mu da baro. Ba ni da abin da zan riƙe ta da shi.

Daga baya na ji sauran. Babayo ya karɓi kwangilar dashen da sunansa, ya yi odar dashen itacen turare mota guda daga wani wuri, mai araha mai saurin tsawo. Muddin nawa na tsaye a gaɓar, babu mai kallon nasa. Turare fa, Hamma, a bakin rafi! Yaron da ya girma yana ganin yadda turare ya shanye maɓuɓɓugar da muke shayar da maruƙa a bayan rugarmu. Na gaya wa injiniyar wannan, ta ce za ta duba, ban sani ba ko za ta iya.

Na je gidan Babayo. Ya fito yana kallon ƙasa, ya ce shi ma matsa masa aka yi, yara sun yi yawa, in yi haƙuri za a san yadda za a yi da ni. Ban zage shi ba. Ban manta shi ya sauke ni a ɗakinsa wata huɗu lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma da ya ce mini yana son kwangilar, wallahi da na bar masa, in sayar masa da dashen a yadda ya ga dama. Riƙe hannuna da ya yi, shi ne abin da ya ƙi wuce mini a maƙogwaro.

Zai zo gida da sallah. Kada ka tare shi da faɗa, kada Bappa ya ji daga bakinka. Abu ɗaya nake roƙo: maganar da aka fara ta a damƙa masa sayar da bijiman gida a kasuwar nan, a dakatar da ita. Ni kuwa zuwan da na yi wa Dada alkawari bana ba zai yiwu ba, ka san yadda za ka lallaɓa ta.

Ka gaishe mini da Dada da kyau, da Bappa Bashir, da Adda Yagana da yaranta, da Usama da Badruddeen. Sa'adiyya tana gaida kowa. Wani maƙwabci ya ba ni aron bayan gidansa na jera abin da ya tsira, ina ba su ruwa safe da yamma. Cikin dashe sama da dubu biyu, waɗanda suka ɗaga ganye zuwa yau su ne ɗorawa talatin da ɗaya, tsamiya sittin, maɗaci goma sha tara, kanya bakwai. Giyayya ko ɗaya.

Ƙaninka,
Mansir