Kuɗin Iƙamar Bayan

Lahadi, 8 ga Satumba

Na yi abin. Riyal dubu tara, kuɗin sabunta iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, da ta 'yata Bayan, yau na zuba su a hannun jarin kantin nan na kayan 'yan mata. Ƙanena Zaharadden ne ya danna min a waya. Ya ce, "Yaya A'i, wata biyu kawai, khalas, shi ke nan, ki fita da riba."

Ba a makance na yi ba. Shekara ashirin ina kan keken ɗinki a unguwar Waziriyya ta Jidda, duk riga goma da 'yan mata ke kawo min in rage tsawo, bakwai na kantin ne.

Alhamis, 19 ga Satumba

Farashin jarin ya hau kaɗan. Na ci abinci har da ƙari.

Talata, 1 ga Oktoba

Mashael, 'yar maƙwabciyata, ta kawo sabuwar rigar kantin, hannun dama ya ɓalle. Sawa biyu kacal. Da na juya cikinta sai gabana ya faɗi. Sun sauya zare, ɗinkin tsalle-tsalle, ko dajiyar bakin yadi babu. Na gyara inda ya ɓalle, na bi ɗaya hannun ma na ƙarfafa shi kyauta, kamar yadda marigayiya Umma ta koya min. Ita ba ta taɓa barin kaya ya fita daga hannunta da rauni ba.

Na kira Zaharadden. Dariya ya yi. "Ke tela ce, ya ukhti, 'yar'uwata, kasuwa ba ta leƙa cikin riga."

Litinin, 7 ga Oktoba

Rigunan kantin uku aka kawo yau. Duk a hammata.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na tambayi Bayan, kamar hira, ko ƙawayenta na zuwa kantin har yanzu. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mama, khalas, wannan na bara ne. Ai abin kunya ne a gan ki da ledarsu."

Sai na shiga banɗaki na zauna. Ba ta san komai ba. Iƙamar za ta ƙare ashirin ga Nuwamba. Idan ta ƙare, makaranta za ta fara tambaya, sai biyan tara, sai abin da ba na son rubutawa. Yarinyar da a asibitin Jidda aka haife ta, Hausar ma da ƙyar take haɗa jimla. Ina zan kai ta in an kore mu?

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ja, ja, ja, farashin jarin sai sauka yake. Na soka wa kaina allura sau biyu saboda leƙen waya. Zaharadden ya daina ɗaukar kirana. Wallahi tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da baban Bayan ya rasu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na sayar da jarin, ni da kaina na danna. Dubu shida da ɗari bakwai suka dawo. Tun ranar da na juya rigar Mashael na sani, na zauna ina sauraron wanda bai taɓa riƙe allura ba.

Saura kwana goma sha bakwai. A kusurwar ɗaki kuma ga tarin rigunan kantin, riyal sha biyar kowane gyara.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Har daga unguwar Aziziyya ake kawo rigunan yanzu. Idan aka ci gaba a haka za mu cike kuɗin iƙamar, da ƙyar.

Ɗazu wata yarinya ta miƙo riga, na ga yagar, na ji daɗi. Astagfirullah.

Na ɗinke hannun hagu, shi ta ce in gyara. Na daman ma na duba, bai fi sati ya rage masa ba. Na ninke rigar na sa mata a leda, na ce ta gaida mamanta.