Ni Ce Na Wanke Injin Fatsarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Baban Sadiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai muna nan lafiya, yara da jikoki duka. Sunanka ban taɓa kama shi da bakina ba kana raye, ba kuwa zan fara da biro ba yanzu da furfura ta rufe mini kai. Sadiya ta ce in na gama za ta sa takardar a waya mutane su karanta. Na ce ta sa. Abin da na ɓoye maka ya ishe ni ɗauka ni kaɗai.

Maganar injin fatsarka ce.

Ka tuna ranar da ka shigo da shi gida a naɗe cikin tsumma. Malamin nan baƙo da kake yi wa aikin lambu a Bici ne ya bar maka da zai koma ƙasarsu, tare da sandar fatsar. Injin tsoho ne tun a lokacin, fentinsa duk ya goge. Mutanen ƙauye suka yi ta maka dariya, wai manomi ɗan manomi ya ajiye fartanya ya koma Sarkin Ruwa. Ni ma na taya su, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka zaunar da ni a ƙofar ɗaki ka nuna mini yadda yake aiki, ko da yake ban tambaye ka ba. Akwai wata lanƙwasasshiyar waya a gabansa. In za ka yi jifa sai ka ɗaga ta, zare ya tafi can nesa. Da ka murɗa hannun sai ta dawo da kanta, ta ce ƙas, ta kama zaren. Ka ce wani ɗan sifirin ne a ɓoye yake dawo da ita, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Kullum maganarka ke nan: “Ran abin nan duk yana jikin wannan ɗan ƙarfen.” Ni kuwa hankalina yana kan tukunya.

Da shekarun fari suka zo, dariya ta ƙare. Gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Masu zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau suna dawowa da buhu a ninke a hammata. Rumbunmu na share shi har ƙasa, na tankaɗe abin da na samu. Ruwan dam ya ja baya, kifi ya tattaru a tsakiya inda ke da zurfi, masu fatsar kara suna zaune a gaɓa suna kallo. Kai kaɗai jifarka ke isa can.

Tarwaɗa biyu, wata rana uku, wata rana karfasa. Ɗaya a tukunyarmu, sauran ka musanya da dawa. Da wannan muka rayu, mu da Inna mahaifiyarka da ƙannenka. Har waɗanda suka yi maka dariya sun sha romo a gidan nan, ban kuwa fasa yi musu gori a zuciyata ba.

Sai jajiberin ƙaramar Sallah. Ba ɗinki, ba shinkafa, na ce ai ko ba komai ɗakina zai yi tsabta. Na fito da kwanuka da tasoshi tsakar gida. Sabulu ya yi wuya a lokacin, da toka da soso nake wanke komai. Ka tafi aski. Na ɗaga ido na ga injin a rataye, ya yi baƙi da maiƙo, yana ƙarnin kifi. Na ce abin da ke ciyar da mu bai kamata ya yi Sallah da dauɗa ba.

Na tsoma shi cikin ruwan toka. Na dirje shi lungu-lungu, har da tsinke na sa ina sakace maiƙon da ke ciki. Na ɗauraye, na shanya a kan danga tare da ludaya. Ya yi fes. Wallahi daɗi na ji, ina jiran ka yaba.

Da ka dawo ka ɗauke shi ka murɗa, na ji yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ka ɗiga masa man keken ɗinki, ka mayar ka rataye. Jikina ya ba ni na yi ɓarna. Na ce a raina ka ɗauka gogewa kawai na yi da tsumma, na kuwa bar ka a haka.

Bai yi wata guda ba ka dawo daga dam tun hantsi, hannu wofi. Wayar nan tana reto, ba ta kama zare. Sifirin ya yi tsatsa ya karye. Inna ta tambaye ka, ka ce mata tsufa ne, kowane ƙarfe da ranarsa.

Daga nan ka shiga neman madadinsa. Kano ka je har sau biyu, ba wanda ya ma san abin. Sai kai da abokinka Malam Sule mai gyaran agogo kuka ce za ku ƙera da kanku. Ina ganinka bayan la'asar a kan tabarma, ka sa injin cikin babbar ƙwarya don kada wani abu ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa. Ka naɗa waya a jikin ƙusa, zagaye biyu da rabi, ka lanƙwasa ƙafafunta da filaya, ka gasa a garwashi, ka tsoma a mai.

Wayar lema ta yi tauri, ta karye. Sifirin ɗin biro ya yi laushi. Na jikin fitilar ƙwai ya yi kwana biyu ya saki. Har robar tayar keke ka ɗaura, babban kifi na ja ta zame, zaren ya cukurkuɗe. Duk wanda ya ƙi sai ka jefa shi cikin gwangwanin madara ka ce, “Gobe ma rana ce, Hajara.” Ina gefe ina tsinkar ganyen tafasa, maganar tana zuwa mini har maƙogwaro ta koma.

Tsoro ne ya hana ni, ba na duka ba, don ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoron kada ka dube ni ka ga wadda ta zubar wa gida da abinci.

Da ɗari ya shigo, yunwa ba ta jira gyara ba. Ka ari gora da komar kamun kifi, kana kwanciya a kan gorar kana shiga tsakiyar ruwa da sassafe, kai da ba ka taso a ruwa ba. Kana dawowa leɓɓanka sun yi fari, haƙora na kaɗawa. Tari ya kama ka, ya sauka a ƙirji. Kwana goma sha ɗaya ka yi a kwance. Sadiya tana bayana a goye aka fita da kai.

Na san kwana ne ya ƙare. Malamai sun faɗa, na yi imani. Amma shekara da shekaru in na ɗebi toka a murhu sai gabana ya faɗi. Abu ɗaya nake rarrashin kaina da shi, cewa ka tafi ba ka sani ba, ka tafi kana ganina da mutunci.

Watan jiya ina kwashe kayan adaka na ci karo da injin da gwangwaninka. Na sa mayafi na hau mota zuwa Bici. Malam Sule yana nan, idonsa ɗaya ya tafi, rumfar ce dai ba ta canza ba. Da ya warware tsumman sai da ya yi salati. Ya ce ya taɓa tsintar irinsa a kayan 'yan gwangwan, ya saya ya ajiye don tunawa da kai, bai san me zai yi da shi ba.

A gabana ya buɗe su biyun cikin ƙwarya, yadda kuke yi. Ya zaro sifirin ɗin wancan, ya sa ƙafa ɗaya a ramin naka, ya danne ɗayar da bakin allura, ya shafa giris, ya ɗaure. Ko shayi ba a gama dafawa ba a wannan lokacin. Ya murɗa hannun, wayar ta ce ƙas. Baban Sadiya, a tsakiyar kasuwa na fashe da kuka.

Sai na faɗa masa. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Shi kuma ya ba ni labarin ranar da ka fara kai masa injin. Wai yana buɗewa ya tarar da toka ta daskare a ciki, ya tambaye ka wa ya yi wannan aika-aika. Ka ce masa kai ne, a murhu ya suɓuce maka, kuma kada ya kuskura ya tayar da zancen a gidanka.

Ashe ka sani. Tun jajiberin Sallar nan ka sani. Duk yammacin da kake naɗa waya a ƙusa ina gefenka, ka san abin da ke maƙale a wuyana, ka bar ni da mutuncina. Ni ina ɓoye maka, kai kana ɓoye mini, a kan tabarma ɗaya.

Ga shi dai na faɗa, ko da ya zo a makare. Ni ce na wanke shi. Ka yafe mini, duk da na ga alama ka riga ni.

Injin yana rataye a ƙusarsa ta da. Ba mai zuwa dam a gidan nan, jikokinka kifin gwangwani suka sani. Nakan sauko da shi in murɗa sau ɗaya in ji ƙarar, in ɗiga masa mai in mayar. Ruwa kuwa ko ɗigo bai sake taɓa shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya ɗumama ƙirjin nan da ya sha sanyi saboda mu. Yadda ka rufa mini asiri a duniya, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa. In tawa ta zo, Ya sada ni da kai in faɗa maka da bakina.

Wassalam.

Taka har kullum,
Hajara, uwar Sadiya.