Kun Sa Mun Sare Ɗorawar Babanmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Tallafa wa Masu Kurmi, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ni tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye kusa da Nok. Mu uku muka gaji kurmin mahaifinmu: ni da yayana Ayuba da ƙanwarmu Saratu. Na rubuto a fili ne domin sau huɗu ina zuwa ofishinka, kullum sai a ce ka tafi Kaduna.

Na ɗaya. Shekara uku da suka wuce, ma'aikatanka sun tara mu a harabar coci. Suka ce duk mai son tallafi dole ya share kurminsa a dasa itacen katako da ake kira malaina a layi, za a kawo dashe da taki kyauta. Ni na yi musu tafinta da yarenmu. Mutane sun sa hannu ne domin daga bakina suka ji.

Na biyu. Ayuba bai yarda ba. Ya ce mini, "Malam, itacen da ya kai ka makaranta za ka sa wa gatari?" Na ce masa waɗannan masu ilimi ne, ba za su yaudare mu ba. Muka sare ɗorawa tara da Baba ya bari, da kaɗanya, da ɗinya.

Na uku. Dashen bai iso ba sai da ruwa ke shirin ɗaukewa. Muka dasa, muka yi ta jido ruwa daga rafi da bokiti, kafin Kirsimeti duk sun bushe. Taki kuwa ko buhu ɗaya ba mu gani ba. Abin da ya zo a kan lokaci shi ne allon sanarwar da kuka kafa, sai kuma mai ɗaukar hoto.

Yau Saratu, wadda ta raini 'ya'yanta da sana'ar daddawa, sai ta je Kachia ta sayo kalwa. Ganyen itatuwan da muke rufe shukar citta da shi babu. Ayuba ya daina zama benci ɗaya da ni a coci.

Na huɗu, kuma shi ya fi ciwo. Takardarku ta ƙarshe ta ce sakacin manoma ne ya kashe dashen, don haka an cire sunanmu daga shirin. Sakaci, ranka ya daɗe? Mu da tafin hannunmu ya yi kanta?

Roƙona uku ne. Ku janye wannan kalma a rubuce. Ku kawo dashen ɗorawa da kaɗanya da farkon damina, ba malaina ba. Sannan ka zo da kanka ka tsaya inda aka tsayar da ni, ka gaya wa mutanena cewa ba ni na yi musu ƙarya ba.

Ubangiji ya ba ka hikima, ya kiyaye ka daga ɗaukar alhakin talaka.

Wassalam.

Malam Bitrus,
mai kurmin da ya koma fili.